Shekarar Jan-Baki

Na san abin da ake faɗi a gidajen biki da zarar kun ba da baya. Ana cewa ubanku ya fifita tsuntsu a kan ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Na daɗe ina shiru, don a ganina mamaci ba shi da bakin kare kansa, bai kamata mai rai ya yi ta zuba a kansa ba. To amma yanzu gwiwa ta fara gardama, ido ya fara haɗa mini kurciya da hasbiya, ga shi kuma kuna haɗuwa da 'ya'yan Baffanku Hamza a kasuwar Azare kuna gaisawa sama-sama kamar baƙi. Gara ku ji maganar daga bakina, in ya so kowa ya yanke hukuncin da zuciyarsa ta ba shi.

Manyanku sun tashi sun gan ni da shagon hoto. Babu angon da ya isa ya shiga ɗaki a unguwarmu sai ya tsaya gaban labulena mai zanen fulawa ya ƙame kamar an dasa shi. Sai wayar hannu ta zo ta cinye sana'ar ba ko sallama. Amarya ƙawarta ke ɗaukarta, mai jego ƙanwarta, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda daga kan gilashi. Abin da ya rage mini shi ne kyamarata mai dogon baki da kuma ido da ya saba kallon abu har sai ya gane shi. Wata rana wani ya ɗauke ni in ɗauki hoton lambunsa a fadama, ina cikin aiki wani tsuntsu ja wur, cikinsa baƙi, ya sauka kan karan dawa. Na ɗauke shi, na dawo gida na yi ta kallo, na rasa sunansa. Abin ya ba ni kunya, ni da furfura a gemu ban san sunan maƙwabcina ba. Na yi ta yawo da hoton har wani tsohon mafarauci ya ce mini mulufi ne. Daga ranar ciwon ya kama ni.

Sannu a hankali na koyi abin. Launi shi ne babban maƙaryaci, domin rana kan canza shi, kuma namijin tsuntsu kan tuɓe rigar adonsa bayan damina ya koma kamar matarsa. Don haka baki nake fara dubawa, sannan ƙafa, sannan ido, sannan abin da tsuntsun ya taka. Labari ya bazu, mutane suka riƙa turo mini hotuna ta waya, wani daga Hardawa, wani daga bakin kogi, wani ma don ya gwada ni kawai. In buɗe hoton da yatsu biyu in ce wannan zalɓe ne, wannan kirinjijiya ce, wannan kuwa kazar gidanku ce ka ɗauka daga nesa. Innarku ba ta taɓa ganin amfanin abin ba.

"Malam, mutane na tsufa su kama carbi, kai ka tsufa ka kama bin tsuntsu," in ji ta.

"Su ma tasbihi suke yi, Hajiya. Raka su nake."

"To ka ce su riƙa turo cefane."

Baffanku Hamza shi ne babba a ɗakinmu. Da mahaifinmu ya rasu shi ya tsaya a gona a ƙauyenmu da ke gefen Chinade, ya tura ni gari in koyi sana'a. Duk kaka sai buhunan gero sun iso gidan nan kafin ya zuba nasa a rumbu, tuwon da ya gina ƙasusuwanku daga gonarsa ya fito. Mutum ne mai zafin nama da zafin zuciya, ba ya iya zama ya zuba wa matsala ido, ko ba shi da maganinta sai ya tashi ya yi wani abu. Matarsa Yaya Asabe kuwa abokiyar wasana ce, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da matar wansa. Tun daga zaure take jiyo muryata ta ɗaga tata.

"Ga mijin balbela ya iso! A shimfiɗa masa tabarma a kan bishiya!"

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau irin wanda tsofaffi ke tsoro. Zangarniyar gero ta yi tsawon hannu, ta fara ƙosawa, mutane har sun fara gyaran rumbu. Sai jan-baki ya sauka. Ku da kuka tashi a gari ba ku san shi ba. Ɗan mitsitsin tsuntsu ne, in ka damƙe shi a tafin hannu sai ya ɓace, amma ba ya tafiya shi kaɗai. Garkensa kan taso kamar hayaƙin gobara, ya karkata ya sauka a gona, kafin ka ruga daga wannan gefe zuwa wancan ya bar maka zangarniya fayau. Ƙauyen gaba ɗaya ya koma gona, maza da mata. Aka ɗaura gwangwanaye a igiya ana ja, ana kaɗa garwa, ana wurga majajjawa, ana ihu tun fitowar rana har muryoyi suka dishe. In an kore su nan sai su sauka can, kamar wasa suke da mutane.

Akwai ma'aikatan feshi da hukuma kan turo, amma suna da ƙa'ida. Ba a gona suke fesawa ba, sai a wurin da tsuntsayen ke kwana, kuma ba sa tasowa sai an nuna musu hoton makwancin. Jami'in da ke karɓar hotunan a yankinmu, wani Malam Idi, mutumin kirki ne, kuma da yake ya san ni, duk hoton da ya shige masa duhu sai ya biyo ta gidan nan in duba masa. Kowa ya san haka, har Baffanku. Matsalar ita ce babu wanda ya san inda jan-bakin ke kwana. Da safe sai a gan su sun ɓullo daga gabas, da yamma su koma.

Ranar wata kasuwa, ina zaune a zaure bayan azahar, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Baffanku. Ya rame, idanunsa sun yi ja, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Bai ko sha ruwan da Innarku ta aiko ba, ya zaro waya ya miƙo mini. Hoton bishiyoyi ne a bakin ruwa, rassan cike da tsuntsaye. Na gane wurin tun kafin in buɗe shi, Tafkin Marke ne, inda muka koyi iyo muna yara, inda har gobe shanun Fulani ke shan ruwa, matan rugage kuma na ɗiba. Na buɗe hoton da yatsu. Bakin tsuntsayen ba ja ba ne, jikinsu ya fi na jan-baki kauri, ga sheƙoƙi suna reto a ƙarshen rassa kamar ƙananan goruna. Can sama kuma farin balbela ne a jere.

"Yaya, waɗannan ai marai ne. Matan ne suka yi yawa, shi ya sa babu rawaya sosai."

"Ni za ka koya wa jan-baki, Sale? Kai a hoto ka san shi, ni a gonata yake karyawa."

"To me ya sa ka ɗauko wannan?"

"Saboda shi ke da bishiya, shi ke tsayawa a ɗauke shi. Na riga na tura wa Malam Idi. Gobe zai kawo maka. Ka ce jan-baki ne, shi ke nan. Su dai su zo. In sun zo suka ga abin da ake mana da idonsu, ba za su koma ba sai sun nemo makwancin."

"In sun zo tafkin za su fara fesawa, Yaya. Nan hoton ya nuna. Shanun Fulanin rugar Malam Buba a nan suke sha, yaransu ma haka."

"Sai a ce musu su kauce kwana biyu."

"Ruwan fa? Shi ma kaucewa zai yi?"

Ya daɗe yana kallona. Tun muna yara in ya yi irin wannan kallo nakan nemi hanyar gudu.

"Ban taɓa roƙonka komai ba," ya ce. "Kalma ɗaya ce."

Ya tashi ya tafi ko sallama da Innarku bai yi ba. Ita kuwa duk ta ji daga bayan ƙofa. Na zaci za ta goyi bayana, sai ta zauna a bakin tabarma ta ce abin da har yau yake mini yawo a kunne.

"Malam, ni ban san marai ba, ban san jan-baki ba. Na dai san wanda ya ciyar da gidan nan. In gonar can ta tafi, mutum nawa ne za su kwana da yunwa? Ka ƙirga da mu a ciki."

Kada ku zaci tausayin tsuntsu ne ya hana ni barci, ko da yake ba zan ɓoye ba, akwai shi. Na taɓa zuwa wani wuri bayan an yi irin wannan feshi, na ga abin da ya bari, har kifi ya taso ciki sama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Malam Buba, Bafulatanin da rugarsa ke bayan tafkin, wanda matarsa ke kawo wa Yaya Asabe nono tun kafin a haifi wasunku. In na ce jan-baki ne, da bakina aka zuba guba a ruwan da jikokinsa ke sha. Sannan ga mutumin da ya amince da idona zai sa hannu a kan maganata. Na auna ta nan, na auna ta can, kowane gefe da mutanen da na sani a kai. Washegari Malam Idi ya zo, ya miƙo mini wayarsa, na kalli hoton kamar ban taɓa ganinsa ba, na ce masa marai ne da balbela.

Ban tsaya nan ba, wannan shi ne abin da masu ba da labari suke tsallakewa. Na riƙe hannunsa na ce jan-bakin gaskiya ne, yana cin gonakin ƙauyenmu, a taimaka a zo. Ya ce ya yarda, amma ma'aikatan kaɗan ne, ga garuruwa da yawa da suka riga suka nuna nasu makwancin, ba zai iya tura su neman abin da ba a san inda yake ba. In na samo masa hoto na gaskiya, a ranar zai aika. Na rataya kyamara na hau acaɓa. Kullum da la'asar ina bakin gonaki ina jiran su tashi, mu bi su ta hanyar shanu, ta cikin taɓo, har inda babur ba ya shiga, in sauka in bi da ƙafa. Kullum sai su haye ruwa su nutse can cikin kacalla, inda ba na hango komai sai duhun ciyawa. Na ɗauki hotunansu a sama ba adadi, baki ja ƙarara, amma hoton tsuntsu a sama ba ya nuna inda yake kwana. A duk kwanakin nan a gidan Baffanku nake sauka, ana ajiye mini abinci a zaure, ba mai zama ya ci da ni. Yaya Asabe ta daina kirana mijin balbela, ta koma ce mini Malam Salisu.

Gonar ta tafi muna kallo. Wanda bai ga manomi tsaye a tsakiyar karan da ba hatsi ba bai san baƙin ciki ba. Baffanku ya riƙa murza zangarniya a tafin hannu yana hurawa, babu abin da ke saura sai ƙaiƙayi. Ɓangare ɗaya ne ya rage, na kusa da gida, wanda aka shuka a makare. Sai wani ya zo masa da labarin wai ya ga jan-baki na sauka shan ruwa a Tafkin Marke gab da magariba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah masani. Ni dai na koma Azare a ranar don ƙafata ta kumbura, bai kuma gaya mini abin da ya ƙudura ba. Ya aika aka sayo masa maganin ƙwari mai ƙarfi a kasuwa, ya haɗa kala-kala a injin feshin da ake goyawa a baya. Ya fara zuwa ruga ya ce wa Malam Buba ya janye shanunsa, ya hana mata ɗiban ruwa. Ku riƙe wannan, Baffanku ba mugu ba ne. Sannan ya shiga ƙarƙashin bishiyoyin shi kaɗai, da 'yar shara a jikinsa, ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba, ya ɗaga bakin injin sama yana fesawa, abin yana sauko masa a fuska. Injin kuma ashe yana yoyo ta baya.

Da ƙafarsa ya dawo gida. Bai daɗe da zama ba ya fara amai, gumi ya jiƙa shi, yawu na zuba, jikinsa na ɓari. Aka ɗura masa madara da manja kamar yadda aka saba, abin ya ƙi. Da gari ya waye aka samo mota aka kawo shi asibiti nan Azare. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, na shaida wannan. Suka ce maganin ya daɗe a jikinsa, sai dai a yi ta addu'a.

Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Ni kuma na kasa zama a barandar asibitin, domin duk wanda ya zo dubiya daga ƙauye sai ya gaida kowa ya tsallake ni. Sai na hau mota na tafi tafkin. Tun daga nesa shirun wurin ya fara ba ni tsoro, wurin da hayaniyar marai ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Ƙasa ta rufe da gawarwaki. Na durƙusa na riƙa juya su da kara ɗaya bayan ɗaya ina duba baki, abin da na iya ke nan. Marai ne birjik, maza da mata. Balbela sun zube kamar an shanya wanki. Ga kurciyoyi, ga zalɓe guda da ya faɗa da ka cikin ruwa, ga wata shirwa da ta ci mushe ita ma ta bi su. A cikin sheƙoƙi 'ya'yan da ba su mutu ba suna ta buɗe baki. Na zagaye tafkin kaf, har na shiga cikin ciyawa ina tonawa, wallahi ina roƙon Allah ya nuna mini jan baki ko guda ɗaya in kai masa. Ban samu ba. Ina tsaye a wurin garken jan-bakin ya wuce ta samana, suka nufi sauran gonar. Malam Buba kuwa ya riga ya tashi da rugarsa, bai sake dawowa yankin ba.

Kun ga ke nan gaskiyata ba ta ceci komai ba. Tafkin da na ƙi a fesa an fesa shi, gonar ta tafi, ga ɗan'uwana a kwance. Da ma'aikatan ne suka zo, da rigunansu da abin rufe fuska za su zo, Baffanku kuma yana gefe yana nuna musu hanya. Wannan lissafin 'ya'yansa suke yi, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Ni ma na yi shi ya fi a ƙirga. Amma ranar da aka miƙo mini hoton ban san gobe ba, abin da ke gabana kawai na sani, tsuntsun da ba shi ba ne, da ruwan da mutane ke sha. Har yau in aka sake miƙo mini shi ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ina jin zafin rashinsa kamar yadda suke ji, ni ma uba na rasa.

Da na koma asibiti da yamma sai na tarar ya farfaɗo. Yaya Asabe na zaune a gefen gadon tana masa fifita. An gaya masa inda na je. Idanunsa ba sa gani sosai, numfashinsa na fita da ƙyar, amma ya gane takuna. Ya motsa hannu, na matso na riƙe.

"Sale."

"Na'am, Yaya."

"Ka je ka gani?"

"Na je."

"Na same su?"

Yaya Asabe ta tsayar da mahucin. Tun da abin nan ya fara ba ta kalle ni ido cikin ido ba sai a lokacin, kuma na gane abin da take roƙo.

"Ka same su, Yaya. Jan-baki ne tuli guda, ƙasa ba masaka tsinke. Ka gama da su."

Sai na ji ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ba da fushi ba, kamar mai ajiye kayan da ya gaji da ɗauka.

"Ashe ka iya," ya ce. "Da ka yi ta tun tana da amfani."

Ya juya fuskarsa bango. Washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa.